Gandonu da Jamhuriyarsa ta Sokanme

Duk wanda ya taɓa kwana a Sokanme ya san Gandonu, ko bai ga fuskarsa ba ya ji muryarsa. Ƙuruciyarsa kaf a Porto-Novo ya ƙarar da ita, a bakin ƙofar Majalisar Dokoki, yana wanke motocin 'yan majalisa da bokiti da tsumma. Da ya dawo gida da furfura a gemu, sai bokitin da tsumman suka ɓace daga labarin, abin da ya saura kawai shi ne "mu a Majalisa". In ana gardamar farashin kifi, zai ce su a Majalisa ba haka suke yi ba. In akuya ta ci rogon wani, zai ce akwai sashen tsarin mulki da ya yi magana a kan haka. Har rantsuwa yake yi cewa akwai manyan da ba sa shiga zauren sai sun sauke gilashin mota sun ji ta bakinsa.

Da zaɓen ƙauyuka ya zo, aka rasa mai son kujerar shugaban ƙauye, don aikin bai wuce rabon faɗan iyakar gona da rakiyar masu allurar rigakafi ba. Gandonu ya tsaya, ya kuma ci. Mutane suka ce a bar shi, ko bakinsa ya samu abin yi.

A lokacin nan damuwar Sokanme ɗaya ce, ita ce gada. Tsakanin ƙauyen da hanyar kasuwa akwai rafi, a kansa kuma wata gadar katako wadda ta girmi yawancin masu taka ta. Da rani ruwan bai kai gwiwa ba, sai dai taɓon tsakiya yana iya haɗiye saniya. In kogin Weme ya cika ya turo ruwa kuwa, duk shekara sai an sa hannu a ƙirji, don in gadar ta tafi, manja da busasshen kifin matan ƙauye sai su ruɓe a ɗaka, yara kuma su yi sallama da makaranta. Magajin gari, wanda ƙauyukan yankin ke ƙarƙashinsa, ya aiko cewa zai zo da kansa da motar katako da siminti kafin ruwa ya taso, da sharaɗin mutanen ƙauye su tara yashi a bakin rafin. In ya zo bai tarar ba, motar za ta zarce ƙauyen gaba.

Matar Gandonu, Afiyabi, mai sayar da akasa, wato tuwon kamun masara, da miyar kifi, ta ce masa abin ai ba wuya. Ya sa mai shela ya buga kuge, kowa ya fito da kwandonsa, kafin kasuwa ta zagayo an gama.

Ya dube ta da tausayi. "Maman Sena, irin wannan tunanin ne ya hana ƙauyen nan ci gaba. Yashi ba a ɗebo shi haka kawai. Sai da gwamnati."

An buga kugen, amma ba don yashi ba. Da jama'a suka taru a gindin mangwaro, Gandonu ya hau kan turmi ya yi musu bayani cewa duk ƙasar da ta san kanta a kan ƙafa uku take tsaye: masu zartarwa, masu yin doka, da masu shari'a. Sokanme kuwa ko ƙafa ɗaya ba ta da ita, da gindi take ja. Daga yau ta zama jamhuriya, shi ne shugaba, zai kuma naɗa ministoci.

Da 'yan kaɗan ya fara. Kafin ya sauko daga turmin dangin uwarsa sun ce an manta da su, dangin matarsa sun ce an raina su, masunta sun ce noma aka fifita. Gandonu ba ya son a ce gwamnatinsa ta yi kaɗan, sai ya shiga rarraba muƙamai kamar gyaɗa. Aka samu ministan ɗanyen kifi da ministan busasshen kifi. Aka samu ministan awaki, tumaki suka samu nasu daban. Aka yi ministan ruwa, da na ƙasa, da na gada, da ƙaramin minista mai kula da ƙarƙashin gada. Mazan da suka rage ya ce su ne 'yan majalisa, ya ɗora musu wani mai hawan kwakwa a matsayin kakaki.

Saura 'yan adawa, don ya ce jamhuriyar da ba ta da adawa abin kunya ce. Ya kama hannun Sagbo tela, maƙwabcinsa, mutumin da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi.

"Fofo, ni me ka yi mini da zan yi adawa da kai?" in ji Sagbo, wanda ke kiransa Fofo, wato babban yaya.

"Ba sai na yi maka komai ba. Duk abin da na faɗa, kai dai ka ce a'a. Aikin ke nan."

"A'a, Fofo, ni ba zan..."

"Yauwa. Ka ga har ka iya."

Kotun tsarin mulki ce ya fi taka tsantsan a kanta. Ya zaɓo tsofaffi bakwai, ya ba Tanyi Dosi shugabanci. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goya shi, ga shi kunnenta ɗaya ya yi nauyi. A lissafinsa, wadda ba ta ji sosai ba za ta yi hukunci sosai ba. Don ya burge jama'a sai ya ƙara da cewa, kamar yadda ake yi a ƙasa, kowane talaka yana iya kai ƙara gaban kotun nan kai tsaye, abin da ta yanke kuma ya zauna, ko shugaba bai isa ya ɗaga ba. Tanyi Dosi ta juyo da kunnenta mai kyau ta sa ya maimaita. Ya maimaita da ƙarfi, har da buga ƙirji.

Talakar farko da ta kai ƙara ita ce Afiyabi. Ta tashi da safe ta tarar an kwashe bencinan rumfar akasarta an kai wa majalisa, ta buɗe akwati ta ga zannuwanta uku, kore da rawaya da ja, an yanka an ɗinka tuta da ɗamarar shugaba. Tsofaffin suka zauna a ƙofar gidan Tanyi, aka kira Sagbo shaida, ya ce shi ya ɗinka, amma yana ɗinki yana adawa. Kotu ta ce ɗamara ta riga ta ɗinku, sai haƙuri, amma benci su koma rumfa kafin rana ta yi tsaka, kuma wanda ya ɗauko su shi zai mayar da kansa.

Gandonu ya matsa kusa da ita ya yi ƙasa da murya. "Tanyi, ni ne fa."

"Na gan ka. Kai ka ce ko shugaba."

Haka shugaban jamhuriya ya ratsa ƙauye da benci a ka, ɗamara na lilo a ƙugu. Duk wanda ya haɗu da shi sai ya tsaya ya shaida masa cewa abin da yake gani alama ce ta ƙasa mai lafiya, a wasu ƙasashen sai an yi yaƙi kafin shugaba ya ɗauki benci. Majalisa kuma ta koma zaman ƙasa.

Sai aka zo kan yashi. Gandonu ya ba da umarni kowa ya fito da kwando. Ministoci suka ce ba su taɓa jin inda minista ya ɗauki kwando a ka ba, shi da ya zauna a birni ya faɗa musu in ya taɓa gani. Ya ce bai taɓa ba. Ya nemi ministan gada ya tsara aikin, shi kuma ya ce yashi a cikin rafi yake, don haka na ministan ruwa ne. Ministan ruwa ya ce nasa ne muddin yana jiƙe, da ya bushe ya zama na ministan ƙasa. Ministan ƙasa ya tafi biki wani gari. 'Yan majalisa suka ce su ma ba leburori ba ne, kuma umarnin da zai sa ɗan ƙasa aikin dole sai ya bi ta gabansu.

Aka kai ƙudirin yashi majalisa. A nan ne Sagbo ya gano yana da baki. Mutumin da bai taɓa haɗa jimla uku a gaban jama'a ba, sai ga shi ya miƙe da safe bai zauna ba sai da inuwa ta juya. Ya tambaya yashin gabas za a ɗiba ko na yamma. Da aka ce na gabas, ya ce an nuna wa yamma wariya. Da aka ce na yamma, ya ce ana son wawashe dukiyar yamma. Ya nemi a kafa kwamiti ya auna girman kwando. Kakaki, wanda ya ɗanɗana bammin da ya sauko da shi daga kwakwa kafin zama, ya yi barci da kugen a cinya, babu mai katse shi. Tsofaffin mata suna wucewa rijiya suna tsayawa kallo, suna cewa ashe duk shekarun nan allura ce ta ɗinke bakin Sagbo.

Zama bayan zama, ba a tsayar da ko girman kwandon ba. Ran nan Sagbo ya juyo kan shugaban kansa, ya ce jama'a suna son sanin wace kujera ya riƙe a Majalisar Porto-Novo, ta dama ce ko ta hagu. Gandonu ya ga zancen zai kai ga bokiti da tsumma. Ya miƙe ya ce ya rushe majalisa. Kafin ya kai gida an kai ƙara, kafin ya sha ruwa hukunci ya iso: a tsarin ƙasar nan shugaba ba ya rushe majalisa, shi da kansa ya sha faɗa musu haka a rumfar giyar sodabi.

Ya ce to, tunda haka ne, ya kafa dokar ta-ɓaci. Ya kira 'yan zemijan uku da ke ƙauyen, wato 'yan acaɓa, da baburansu ya ce su ne sojoji. Da ya ba ɗaya janar, sauran biyun suka kashe babur suka ce ba sa yi, dole ya ba su duka. Ya tura su su kamo Sagbo. Suka daɗe a ƙofar shagon suna gardamar wanda zai ba wani umarni, don janar ba ya bin janar. Da suka shiga, Sagbo ya nuna musu yadin bikin ƙauye da suka kawo masa, ko yankawa bai yi ba, ya ce su kama shi, amma su shirya zuwa biki da ɗan kamfai. Janar-janar suka dubi juna. Don kada a ce ba su yi komai ba, suka ɗora shi a babur suka zaga ƙauye da shi suna matsa oda. Mata suka ɗauka adawa ce ta ci zaɓe, suka yi ta guɗa.

Ana cikin haka ruwan rafi ya fara canza launi, alamar an yi ruwa a arewa. Masunta suka gani suka fara janye jiragensu tudu. Afiyabi ta ajiye wa mijinta akasa ta tsaya a kansa, ta ce magajin gari gobe zai zo, a bakin rafi kuma ko yashin da kaza za ta yi birgima babu. Ta ce in motar nan ta wuce, ita da sauran mata sun san gidan da za su kawo kifinsu ya ruɓe.

Gandonu ya ture akasar gefe. Shi ma ya je bakin rafin da sassafe ya ga launin ruwan, ya kuma san abin da yake nufi. Amma bakinsa ya riga zuciyarsa. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, magajin gari ɗan boko ne, in ya ga irin tarbar da za a yi masa zai manta da zancen yashi. Shugaba da shugaba za su yi magana.

Washegari ya tsara tarba irin ta manyan ƙasashe. Mata da tukwanen abinci da tsofaffin kotu ya sa suka tsallaka can bakin hanya, suka zauna a inuwa. Gwamnati kuwa a kan gada za ta jeru, don baƙo ya ga abin da ya zo dominsa da waɗanda ya zo wurinsu a kallo ɗaya. Aka kai masa turminsa tsakiyar gadar. Ministoci za su tsaya bisa girman muƙami, mafi girma ya fi kusa da shugaba. Nan fa aka yi ta. Na busasshen kifi ya ce shi ya fi na ɗanye daɗewa. Na tumaki ya ture na awaki. 'Yan majalisa suka ce zaɓaɓɓe ba ya tsayawa bayan naɗaɗɗe, suka kutso. Janar uku suka turo baburansu har kan katako. Kafin a ji ƙarar mota, duk mazan Sokanme sun cunkushe a tsakiyar gadar, gefe da gefe wayam.

Magajin gari ya sauko daga motarsa, babbar motar katako na bayansa. Ya dubi bakin rafi, ya dubi dama da hagu, sannan ya dubi cincirindon da ke kan gada. Gandonu ya hau turmi, ya gyara ɗamara, ya yi gyaran murya.

"Mai girma ɗan'uwana kuma takwarana, a madadin Jamhuriyar Sokanme mai cikakken iko..."

Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafafunsu, kamar tsohuwar ƙofa. Sagbo ya ja bakin rigarsa. "Fofo, gadar nan kuka take yi. Mu sauka."

"Kada ku saurare shi," in ji Gandonu, yana murmushi ga baƙo. "Adawa ce. Ranka ya daɗe, ka ga irin 'yancin da muke ba su."

Ƙaramin minista mai kula da ƙarƙashin gada ya leƙa ta tsakanin katako, ya buɗe baki zai ba da rahotonsa na farko tun da aka naɗa shi. Bai samu dama ba. Gadar ta durƙusa a hankali, kamar raƙumi, sannan ta buɗe ta tsakiya. Ɓangaren zartarwa da na dokoki da rundunar soja suka gangara rafi a dunƙule.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya karye, don taɓo ya tare kowa. Aka yi ta fitowa da rarrafe, ba a gane minista daga ɗan majalisa sai ya yi magana. Gandonu ne kaɗai bai fito ba. Da yake a kan turmi yake, ya fi kowa nisan faɗuwa, ya kuma sauka daidai tsakiya, inda saniya ke nitsewa. Taɓo ya riƙe shi har hammata.

Magajin gari ya jira hayaniya ta lafa, ya tambaya ina yashin. Kowa ya dubi na kusa da shi. Ya tambaya wa ke da alhakin aikin. Ministan gada ya nuna na ruwa, na ruwa ya waiga neman na ƙasa. Magajin gari ya girgiza kai ya ce wa direban babbar motar ya juya. Injin ya tashi. Mata suka ɗora hannu a ka, don yanzu ko tsohuwar gadar babu.

Tanyi Dosi ce ta dogara sandarta ta je ta tsaya a gaban motar. Ta ce wa magajin gari, ɗana, zauna ka ci akasa, ka ba tsohuwa daga yanzu zuwa la'asar. Afiyabi ta riga ta buɗe tukunya, ƙamshin miyar kifi ya yi nasa roƙon. Magajin gari ya dubi agogo, ya dubi tukunya, ya zauna.

Kotu ta yi zama a tsaye, ba ta ɓata lokaci ba. Tanyi ta ce duk namijin da ke da muƙami a Sokanme, tunda kayansa sun riga sun ɓaci, ya ɗauki kwando ya nufi tudun yashi. Wani minista ya fara cewa ai a tsari, sai matarsa ta kifa masa kwando a ka. Daga nan ba a ƙara jin tsari ba.

Daga tsakiyar rafi wata murya ta ce a miƙo igiya.

Sagbo, wanda ido kawai ake gani a fuskarsa saboda taɓo, ya tsaya da kwandonsa a bakin rafi. "Fofo, igiyar ta jama'a ce. Sai majalisa ta amince."

"To ku zauna mana."

"Muna hutu. Kotu ta tura mu yashi."

"Sagbo, nitsewa nake yi."

"Za mu kafa kwamiti ya duba."

Gandonu ya juya ga tsohuwar. "Tanyi, ke kika goya ni."

"Shugaban jamhuriya ban taɓa goya shi ba," ta ce. "Wanda na goya wani ɗan yayana ne mai yawan surutu. In ka gan shi ka ce ya yi magana."

Ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Ruwan mai launin ƙasa yana wucewa ta gabansa, yana jin sanyinsa yana hawa a hankali. Ta gefensa ministocinsa suna ta kai da kawowa da yashi a ka, kowa ya zo wucewa sai ya gaishe shi da ranka ya daɗe. Sai da tulin yashi ya kai ƙugun mutum, magajin gari ya wanke hannu ya ce a fara sauke katako, sannan Gandonu ya ɗaga murya ya ce ya sauka. Ya ce babu jamhuriya, babu shugaba, shi Gandonu ne ɗan yayan Tanyi, a taimaka a fitar da shi.

Aka jefa masa igiya ya ɗaura a ƙirji, aka ɗaura ɗaya bakin a bayan babur ɗaya da ya yarda ya tashi bayan an ciro shi daga taɓo. Janar mai babur ɗin ya ba da wuta, maza suka kama suka ja. Taɓo ya yi gardama, ya yi wata irin tsotsa, sannan ya sake shi gaba ɗaya. Ya zo a kan ciki har gaban magajin gari. Da ya miƙe, mata suka juya baya suna toshe baki. Taɓon ya saki mutum, amma ya riƙe takalmi da wando.

Gandonu ya fizgi ganyen ayaba daga kwandon akasa ya kare gabansa da bayansa. Ya dubi tulin yashi, ya dubi katakon da ake saukewa, sai ga ƙirjinsa ya fara tasowa kamar da. Ya share taɓo daga gemu ya fuskanci baƙo.

"Ranka ya daɗe, ina fata ka lura. Ba kowane shugaba ne ke miƙa mulki cikin lumana haka ba."

Magajin gari ya dube shi daga sama har ƙasa, yana sakace.

"Na lura," ya ce. "Har wandon ka miƙa."